Mukaila Bai Zube Wa Yayansa Ba

Litinin, 1 ga Yuli, da hantsi

Ya sha koko, ya ci ƙosai. Bai yi wanka ba. Yana zaune a kan benci a bakin ƙofa.

Abin da likita ta ce in riƙa rubutawa ke nan game da mijina Mukaila: me ya ci, ya yi wanka ko bai yi ba, ya yi magana ko bai yi ba. Na ce mata ai shafi ɗaya ya isa, sai a riƙa canza kwanan wata. Ba ta yi dariya ba. Ni ma da na faɗa ban yi ba.

Shekara biyu ke nan da muryoyin da yake ji suka daina. Kowa a Iseyin ya taya ni murna, har sadaka muka yi. Ba wanda ya gaya mini za su tafi kamar 'yan haya marasa mutunci, su kwashe har ƙyauren ɗaki. Ba ya ihu yanzu, ba ya toshe taga da tsumma, ba ya zargin kowa. Ba ya kuma komai. In an ba shi ya ci. In an tambaye shi ya amsa da kalma ɗaya, bayan mai tambayar ya manta ya yi tambaya.

Littafin nawa ne, ni na saya. Zan rubuta abin da na ga dama.

Laraba, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Alhaji Lamidi ya dawo daga Makka. Yayan Mukaila ne, shi ne babban gidan nan tun rasuwar mahaifinsu. Ga shi na rubuta sunansa. Tun da aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa kama sunan ba, don matar gida ba ta kiran sunan wanda ta tarar. Biro ba ruwansa.

An yi ruwa da safe, tsakar gida duk caɓi. Da motar ta tsaya, masaƙan rumfarmu suka bar ƙoshiyoyinsu suka fito, suka zube a ƙasa da ƙirji, manya da yara, har da masu furfura da ya girme su da wata uku. Mu mata muka durƙusa. Yana tafe yana sa albarka, yana buɗe baki fiye da yadda maganar ke buƙata don a ga sabon haƙorin zinare.

Mukaila yana kan benci. Ina durƙushe ina yi masa alama da ido, ina yi da hannu. Yana kallona kamar yadda yake kallon bango.

Alhaji ya tsaya a gabansa. "Mukaila, ba ka gan ni ba ne?"

Sai can ya ce, "Na gan ka."

Alhaji ya jira. Duk gidan ya jira. Daga nan ya rufe baki, haƙorin ya ɓace, ya wuce ɗakinsa.

Ya ci shinkafar walima, faranti guda. Bai yi wanka ba.

Alhamis, 4 ga Yuli, da azahar

Ƙanwarsu ta zo shagona na zare. Mai Wushirya nake ce mata, sunan da na raɗa mata ke nan tun ina amarya. Ta zauna a kan buhu ba a ce ta zauna ba.

"Matarmu, kin ji abin da ake cewa?"

"Kunnena ba ya hutu, faɗi."

"Yaya Alhaji ya ce wannan ba ciwo ba ne. Mai ciwon kai ihu yake yi, ya yi tsirara. Wannan kuwa yana cin amala ya side hannu, sai gaisuwa ce ta gagare shi? Ya ce ko raini ne, ko kuma an ba shi wani abu ya ci."

"Wa ya ba shi?"

Ta ɗauki ƙullin jan zare tana juyawa. "Ni dai ban kira suna ba. Amma wa ke dafa masa?"

Na ce ta ajiye mini zare in ba saye za ta yi ba.

Ta ce an sa taron dangi ranar Lahadin ƙarshen wata. In Mukaila bai nuna hankali a gaban dangi ba, a ranar za a mayar da shi wurin Baban Bakin Rafi, mai maganin gargajiya, a cire masa abin da ke jikinsa.

Na ce to. Na ci gaba da awo. Sai da ta tafi na lura na ba wata mata shuɗi, ita kuwa kore ta ce.

Asabar, 6 ga Yuli, da safe

Ya ci. Bai yi wanka ba.

Lahadi, 7 ga Yuli, da yamma

Ya taɓa zama wurin Baban Bakin Rafi, farkon ciwon, kafin asibiti. Wata bakwai. Mama, mahaifiyarsu, ita ta zauna da shi, don Baba ba ya karɓar mutum sai da macen da za ta zauna tana dafa masa tana wanke masa. Ni a lokacin ina kwance, cikin da nake da shi bai zauna ba. Mama ta rasu bara.

Sau ɗaya na kai ziyara. Ba zan rubuta ba.

Safa nake saya masa, dogaye, su rufe tabon mari. Ko ana zafi da su yake kwana.

Talata, 9 ga Yuli, a mota, muna dawowa daga Ibadan

An ɗebi jini kamar kullum. Wannan maganin shi ne na uku da aka gwada, shi ne mai buƙatar a riƙa duba jini, shi ne mai sa shi dalalar da miyau a matashi. Likita ta karanta abin da na rubuta, na rufe sauran da hannu.

Na ce, "Likita, ƙara masa ƙarfin maganin. Ko a canza. Kafin ƙarshen wata nake so ya farka."

Ta cire tabarau. Ta ce ciwon nan fuska biyu gare shi. Akwai abin da yake ƙara wa mutum, muryoyi da tsoro, wannan magani na kama shi. Akwai kuma abin da yake kwashewa: son yin abu, magana, motsin fuska, jin daɗi. Wannan ɗin magani bai cika kai wa gare shi ba. Ta ce ba lalaci ba ne, ba raini ba ne, ba kuma abin da wani ya ba shi ba ne.

"To yana ciki?" na ce. "Shi kansa, yana nan?"

Ta ce da yawansu suna ji a ciki, fitarwar ce ta gagara. Ta ce da yawansu, ba ta ce shi ba.

Yana zaune kusa da ni duk wannan, yana kallon kalandar bango.

Ta ce farawa ce ke yi masa wuya. In riƙa ba shi ƙaramin aiki guda ɗaya, lokaci ɗaya kullum, da umarni ɗaya gajere. Ta ce in kawo mata Alhaji ta yi masa bayani.

Direba ya sa wa'azi da ƙarfi. Mukaila ya yi barci, kansa a kafaɗata. Ba jingina ya yi ba, gargada ce ta kawo shi.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan magariba

Na je na durƙusa wa Alhaji, na isar da saƙon likita.

"Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya mini ƙanina? Ni na goya shi, Iya Basira. Ni na sa ƙafarsa a masaƙa. Shekara nawa kina kai shi Ibadan? Ga shi nan kin mayar mini da shi turmi."

Na ce Allah ya huci zuciyarsa. Ya ce in tashi, na tashi.

Juma'a, 12 ga Yuli, da hantsi

Ƙaramin aiki guda ɗaya, in ji likita. Ita tana nufin shara ko wanke kofi. Ni na zaɓi nawa.

Bayan 'yarmu Basira ta tafi makaranta na kulle ƙofa. Na jingina taɓarya da bango, na ɗora mata tsohuwar hularsa. Na ce, "Baban Basira, ga Yaya Alhaji. Zube."

Ya kalli taɓaryar. Ya kalle ni. Na ce, "Zube." Ya daɗe. Sai ya sauko a hankali, gwiwa, tafin hannu, ƙirji, haɓa a siminti. Jikin bai manta ba, ya yi ta tsaf kamar yadda uwarsa ta koya masa.

Ya zauna a haka. Na je na duba tukunya na dawo yana nan. Sai da na taɓa kafaɗarsa na ce tashi.

Mutumin da ya aure ni, kwance a gaban taɓarya. Na duba zuciyata ko zan ji wani abu. Ba komai, sai tunanin wake bai dahu ba.

Asabar, 13 ga Yuli, da hantsi

Mun yi. Ya zube.

Litinin, 15 ga Yuli, da la'asar

A gaban dangi ba zan iya cewa zube ba, za su ce ga shi nan, ta mallake shi. Don haka na koma tari. In na yi tari, ya sauka. Yau na yi tari har maƙogwarona ya yi zafi kafin ya gane. Ko ya gane tun farko, motsawar ce ta ƙi. Ban san yadda ake bambancewa ba.

Da rana na fito da shi benci. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da zama, Baban Basira." Mu da gaisuwa ba ta ƙare mana, mai tsaye da tasa, mai zaune da tasa. Shekara biyu ana yi masa sannu da zama, shi ne aikin da aka san shi da shi yanzu.

Masaƙarsa tana nan a ƙarshen rumfa. Ashoken da ya fara saƙawa bai kai rabi ba, zaren ya koɗe, kaji na kwana a ƙarƙashi. Sauran masaƙa ba sa kallon wajen. In ƙoshiyoyi suka ɗauki ƙara da safe, ina duba yatsunsa ko za su motsa. Na daina, amma idona bai daina ba.

Talata, 16 ga Yuli, da safe

Ya yi wanka. Ni na tuɓe shi, ni na zuba, ni na cuɗa. Ban sani ba ko wannan za a rubuta ya yi, ko an yi masa.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan azahar

Mahaifiyata ta bugo daga Saki.

"Sidikatu, har yanzu kina nan kina gadin gawa mai cin tuwo?"

"Mama, mijina ne."

"Na sani, ina wurin aka ɗaura. Ke ba mai miji ba, ke ba bazawara ba. Sun ce kin yi masa asiri, kin tsaya kina wanke masa wando. Bar musu ɗansu su kai shi inda za su kai shi, ki ɗauko Basira ki taho. Ɗakinki yana nan, doya kawai na zuba a ciki."

Na ce kati zai ƙare. Ita ta bugo, ta sani.

Na daɗe ina tunanin ɗakin. Tagarsa tana kallon bishiyar mangwaro. Zan iya barci a can har rana ta take.

Juma'a, 19 ga Yuli, da yamma

Mutumin nan surutu gare shi da. Ba wanda zai yarda yanzu. A rumfa shi ke tsokanar kowa, yana saƙa yana waƙar da ya ƙirƙira a kan tumbin wane da sanƙon wane, har sai Mama ta leƙo ta ce ya ji tsoron Allah. Da yana nemana, kullum sai ya dawo da zaren da ya saya wai ba launin da ya ce ba ne. Na ce malam, ko makaho ne kai? Ya ce a'a, mai shagon ce ke ɗauke masa ido.

Na tuna wannan yau ina tsintar shinkafa. Na tuna shi sarai, kalma da kalma, kamar labarin wasu da aka ba ni.

Man gyaɗa ya fallatso mini a hannu da rana. Sai da Basira ta ce Mama hannunki, sannan na ga ya tashi. Zan tambayi likita ko abin nan ana ɗauka.

Lahadi, 21 ga Yuli, da hantsi

Na manta ban sa sakata ba. Basira ta turo ƙofa ta tarar da ubanta kwance a gaban taɓarya mai hula. Ta fashe da dariya. Ta dube ni, ta daina.

"Mama, wasa kuke yi?"

"Wasa muke yi."

"Baba ne ya faɗi ko ke kika ci?"

Na ce ta je ta ɗebo ruwa.

Talata, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Yau ya ƙi. Na yi tari, na sake, na ce zube da baki, na ja hannunsa. Yana tsaye kamar an dasa shi.

Na ce, "Ka san inda za su kai ka? Ka tuna wurin? Ka tuna ko sai na cire maka safar ka gani?"

Ya ce, "Na tuna."

"To ka ji tsoro mana. Ka ji wani abu. Ka zage ni ma, na yarda."

Ya kalle ni. Fuskar nan kamar an goge ta da tsumma. Na ɗauki kwanon amalarsa na maka da bango. Miyar ewedu ta bi bangon tana gangarowa, mu biyu muna kallo.

Na share. Na sake tuƙa wani. Ya ci.

Laraba, 24 ga Yuli

Ba komai.

Alhamis, 25 ga Yuli, da safe

Tari ɗaya, ya sauka. Na sake bayan ya huta, ya sauka.

Asabar, 27 ga Yuli, da yamma

Na aske shi, na yanke masa farce, na goge farar rigarsa ta Sallah. Wuyan ya yi masa kaɗan, maganin ya sa shi ƙiba.

Mai Wushirya ta leƙo. "Matarmu, wannan kwalliya haka, ango za a kai?" Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yayanta. Ta ce da shi, "Yaya, ka gane ni?" Ya ce, "Risi." Ta juya da sauri ta fita, na ji tana fyace hanci a bayan ɗaki.

An ce an riga an yi wa mutanen Baba magana, da mota za su zo.

Lahadi, 28 ga Yuli, bayan magariba

Yana nan. Yana ɗaki. Gobe zan rubuta.

Litinin, 29 ga Yuli, da hantsi

A falon Alhaji aka yi, bayan azahar. Maza a kujeru, mu mata a tabarma ta wajen ƙofa. Motar tana waje, mutanen Baba biyu suna jingine da ita suna cin gyaɗa. Da na wuce na ga sarƙar da ke ƙarƙashin kujerar baya.

Na shigo da shi na tsayar a tsakiya, na koma cikin mata na durƙusa. Na yi tari.

Ya sauka. Gwiwa, hannu, ƙirji, haɓa. Wani kawunsu ya ce Allahu Akbar. Gwaggonsu ta dafa ƙirji. Na ga haƙorin zinare ya leƙo.

Alhaji ya ce, "Madalla. Na yafe maka, ƙanina. Tashi."

Bai tashi ba.

"Tashi mana, ya isa."

Sai a lokacin na gane. Na koya masa sauka da tari, amma tashi kullum sai na taɓa kafaɗarsa. Ga ni can cikin mata, tsakanina da shi ƙafafun maza.

Wani ya ce, "Kun gani ko?" Alhaji ya sauko daga kujera da kansa, da babbar rigarsa da komai, ya tsuguna a kansa. Muryarsa ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba.

"Mukaila. Ni ne. Faɗa mini da bakinka, ba da bakin kowa ba. Gida kake so ka zauna, ko wurin Baba?"

Wannan ban koya masa ba. Ruwa yana ɗiga daga indararo, muna ta jira.

Ya ce, haɓarsa a ƙasa, "Duk ɗaya."

Na ji shi sarai. Koko, wanka, Ibadan, taɓarya, duk ɗaya.

Alhaji ya miƙe yana riƙe gwiwa. Ya ce, "Kun ji. Wannan ba ɗan uwana ba ne ke magana. Iya Basira, je ki haɗa kayanki da tukwane, Basira ta zauna wurin Alhaja."

Na ce, "Ba zan je ba."

Ban shirya faɗa ba. Muryar ta fito kamar ina faɗin kuɗin zare.

"Me kika ce?"

"Ku kai shi in kun ga dama, Yaya. Ni ba zan bi shi ba."

"Mijinki ne."

"Ƙaninku ne. Kun riga ni saninsa, shi ya sa ba na kiran sunayenku. A cikinku wata ta je ta zauna."

Gwaggo ta ce, "Ji bakin yarinya." Amma ba ta ce za ta je ba. Alhaji ya dubi matarsa, Alhaja ta ce ai ya san hawan jininta, ga shago. Ya dubi Mai Wushirya, ta ce mijinta ba zai bari ba, tana kallon tabarma. Gwaggo ta fara murza gwiwoyinta tun kafin a zo kanta. Aka bi mata ɗaya bayan ɗaya, kowacce da dalilinta, kuma ba wadda ta yi ƙarya.

Aka kira babban cikin mutanen Baba, aka tambaye shi ko za a karɓa haka. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ce, "Alhaji, ka san ƙa'ida. Ba mai zama, ba karɓa. Wa zai kwashe masa kashi, ni?"

Duk wannan a kan Mukaila ake yi, yana kwance a tsakiya cikin farar riga.

Alhaji ya zauna. Idonsa ya yi ja. Ya ce, ba da kowa ba, "Yana ɗan shekara tara na ɗora shi a masaƙa. Ƙafarsa ba ta kai ƙasa." Sannan ya ce a sallami masu mota, a ɗauke masa shi daga gabansa.

Ba wanda ya motsa. Na ratsa ta cikin maza, na taɓa kafaɗarsa na ce tashi. Ya tashi. Gaban rigar duk ƙura.

Talata, 30 ga Yuli, da yamma

Ba wanda ya gaishe ni yau a gidan nan. A gidan da ake gaida mai atishawa.

Na yi nasara, haka nake gaya wa kaina. Ya zauna don ba mai son zama da shi. Na cire hular daga kan taɓarya na daka barkono.

Laraba, 31 ga Yuli, da safe

Ya ci. Ban yi masa magana ba, shi ma bai yi ba. In duk ɗaya ne, to duk ɗaya ne.

Alhamis, 1 ga Agusta, da azahar

Mahaifiyata ta sake bugowa. An riga an kai mata labari. Ta ce, "Ashe kina da baki. To tunda kin faɗa a gaban kowa, me kike jira?" Na ce ina da ciniki. Ba kowa a shagon.

Juma'a, 2 ga Agusta, da hantsi

Na kai masa koko a benci, na ajiye, na juya.

"Iya Basira."

Na tsaya. Rabon da ya fara kirana, ba amsawa ba, tun kafin Mama ta rasu. Na ɗauka kunnena ne.

Bai ɗago ba. Yana kallon kofin. Fuskar tana nan yadda take, muryar ba hawa ba sauka. Ya daɗe yana haɗa maganar, ina jin ƙoshiyoyi a rumfa.

"Da gaske ba za ki bi ni ba?"

Ashe tun Lahadi yana ɗauke da ita.

Na zauna a ƙarshen bencin. Na ce, "Ƙarya na yi musu, Baban Basira. Dabara ce. Da sun sa ka a motar, da na bi ka."

Ya ce, "To."

Ya ɗauki kofin ya sha.

Na shigo in rubuta wa likita cewa ya yi tambaya, da kansa, ba wanda ya ce ya yi. Za ta ji daɗi. Ƙunar ranar nan sai yau take yi mini zafi.

Ina zaune da biro ina neman wacce ce ƙaryar, ta ranar Lahadi ko ta yau. Na duba, na sake dubawa, ban gane ba.

Shi yana can waje, ya yarda da ni.